Furen Bakin Hawashar Baba

Kafin wani ya riga ni faɗi, ni ne wawan labarin nan. Ƙamshin busasshen ganye cikin tsohuwar jarida ne ke tuno mini da shi.

Ina yaro, a ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad, Baba na da hawasha, wato gonar auduga da hukumar noman rani ke ba mutum ya riƙa. Riƙo ne, ba mallaka ba. In mufattish, mai duba gonaki na hukuma, ya kewayo ya tarar ciyawa ta ci gona, yana iya rubuta ka, a karɓe a ba wani. Da wannan tsoro dattawanmu ke kwana, da shi suke tashi.

Ƙarshen wata damina, ƙasar nan baƙa tana danƙo a ƙafa, sai ga wani afandi, wato ɗan boko ma'aikaci, daga birnin Wad Madani, da allo biyu ɗaure da igiya, jaridu cushe a tsakani. Yana bin bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, yana cire ciyawa, ya shimfiɗa ta cikin jarida kamar mai kwantar da jariri, ya matse, ya yi rubutu. Ya nuna mana wani ƙaramin fure, ja mai sirkin shuɗi, ya tambayi inda yake fitowa.

Ni kuwa lokacin ina ajin farko, ina jin duk mai alƙalami abokin aikina ne. Na buga ƙirji na ce cikin Larabci, gonar babana cike take da shi. Na kai shi har gefen da ruwa ke tsattsafowa daga ƙaramar tur'a. Ya cira, ya tambayi sunan ƙauye da gefen da gonar take, ya rubuta. Har da gyara masa na yi, kada ya ɗora alherin a kan maƙwabci.

Da na kai labari gida ina jiran yabo, lomar kisra, wainar dawar da muke ci, ta tsaya wa Baba a hannu.

"Mi ka ce mai? Cike?"

Na ce cike fal.

Ranar ba wanda ya dake ni, kuma na fi son a dake ni. Gari na wayewa gida duka ya fita da fartanya, har Kaka da bayanta ya lanƙwashe. Muka bi furen nan ɗaya ɗaya har saiwa, rana tana gasa mu, Inna na kallona tana ƙwafa. Duk ƙarar mota, Baba sai ya miƙe.

Ana nan sai ga afandi ya dawo. Baba ya tarye shi da shayi, ya nuna masa gona fes. Mutumin ya dafa kai. Ashe irin furen ya zo ɗiba, don bai same shi ko'ina ba sai nan. Shi ba ruwansa da mufattish. Aikinsa ajiye tsirrai a busashe, da rubuta inda kowanne ke fitowa. Baba ya zauna a kan kunyar gona yana dariya har da hawaye, yana ta alhamdu lillahi. Hawasha ta tsira. Furen ne dai bai ƙara fitowa ba.

Yanzu tur'ar ta cushe, auduga ta ja baya, yaranmu Larabci ya fi musu sauƙi. Kwanan baya jikata da ke karatu a Madani ta ce ta ga furen a ɗakin ajiyar tsirrai na jami'arsu, manne a takarda, da sunan ƙauyenmu, an rubuta wai yana da yawa a bakin gona. Na gyara rawani, na sanar da gida cewa ilimin ƙasar nan da hannuna a ciki.

Uwargidana ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba.

"Ciyawa dai ta shiga jami'a, Alhaji. Kai da ka nuna ta, aji nawa ka yi?"