Takalmin Ƙofa ta Huɗu

Akwai wata Juma'a da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina. Lokacin ina mai duba layi a aikin ban ruwa na fadamar da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Ga wanda bai san aikin ba, ruwa yana tasowa daga babbar magudana ya rarrabu cikin ƙananan layuka, kowane layi da ƙofarsa ta ƙarfe. Kowace ƙofa tana da ma'aikaci guda, mai ƙofa, shi ke ɗagawa da saukewa bisa ranakun da aka yanka wa manoma. Masu ƙofa shida ne a ƙarƙashina, ni kuma ina ƙarƙashin Injiniya.

Ni mutum ne mai zargi, ba na ɓoyewa. Aikin ne ya mai da ni haka. Wanda ya daɗe yana rabon ruwa da rani, ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya fara tunanin ruwa ake nema a ranar da ba ta mutum ba.

A farkon ranin nan aka kawo mana takalman ruwa, dogayen nan na roba da ake zura ƙafa kawai, ba igiya ba maɓalli, su kai har gwiwa. Saboda macizai da tsargiya aka kawo su. Da na karɓo su daga sito sai da na samo jan fenti na rubuta lambar kowace ƙofa a dunduniya, don na san halin mutanena. Na kuma karanta musu doka: kayan ofis ne, ba a sayarwa, ba a ba da aro.

Ranar Juma'ar da nake faɗa, fadama ta watse, kowa ya tafi masallaci. Ana gab da la'asar sai ga Alhaji Mamman, manomin albasa, ya faɗo ofis da taɓo har cinya. An ɗaga ƙofa ta huɗu alhali ba ranarta ba ce, ruwa ya malale irin albasarsa da ya rage mako guda a dasa. Duk wanda ya san albasa ya san irin da ya sha ruwa haka ya tafi.

Na hau babur na je. A bakin ƙofar, cikin laka, ga sawu raɗau: zanen tafin takalman da muka raba. A fadamar nan kaf babu mai irinsu sai mutanena shida. Mai ƙofa ta huɗu kuwa Malam Garba ne, mutum mai sanyin magana, ya haura shekara ashirin a aikin ba a taɓa kama shi da komai ba. Ni a wurina wannan ma abin tuhuma ne. Na ce ashe ya iya ɓoyewa ne kawai. Mutum uku suka ce sahu ɗaya suka yi salla da shi. Na ce ai dama in ana neman shaida, ranar Juma'a kowa yana da ita.

Ranar Litinin na ce kowa ya zo da takalminsa. Biyar suka jera nasu a gaban ofis. Garba ya zo da silifa.

Na ce, “Malam Garba, ina naka?”

Ya ce, “Shina nan, ranka shi daɗe.”

“Nan ina? Ka saishe shi?”

“Ban saishe shi ba.”

“To wa ka ba?”

Sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Na tambaya sau uku, ko tari bai yi ba.

Ƙa'idar aiki ita ce a ba mutum takardar tuhuma, ya amsa cikin kwana uku. In bai amsa ba a dakatar da shi, kwamiti ya zauna a kansa. Garba ya dawo mini da takardar ba komai a kanta sai sa hannunsa. Da na kai wa Injiniya, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Malam Sani, ka tabbata?” Na ce na tabbata. Aka dakatar da shi. In kwamiti ya same shi da laifi, kora ce, ya bar aiki da sunan mai sayar da ruwa, ga shi saura ƙiris ya yi ritaya.

Bayan kwana biyar na shiga kasuwar Achida sayen cefane. A rumfar 'yan kifi na hangi wani tsoho, farin gemu, yana tafe yana jan ƙafa cikin takalmin ruwa da ya yi masa yawa. Na bi bayansa kamar mai neman wani abu da ya faɗi. A dunduniya ga lamba huɗu da rubutun hannuna.

Na tambayi wani mai banda ko wane ne. Ya ce, “Wanga? Ai Baba Ɗanjuma na, masunci. Surukin Garba mai ƙohwa na, uban matatai.”

Nan take na gane dalilin shirun Garba. A ƙasarmu mutum ba ya kiran sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa. Ni kuma na tsaya a gaban ma'aikata ina cewa Garba ya buɗe baki ya ce surukinsa ne.

Da yamma na sami Garba a ƙofar gidansa. Bai musa ba. Ya ce ruwa ya cinye wa tsohon ƙafa, duk ta tsage, matarsa ta roƙe shi ya ba uban nata takalmin. Sannan ya kama hannuna biyu ya ce, “Don Allah, ranka shi daɗe, ka bar zancen ga nan. In anka kore ni, ni anka kora. In anka kirai ohis, da wane ido zan dubi mutanen gidan ga?”

Ban saurare shi ba. Gaskiya na ce ina nema, amma yanzu na san kaina nake son wankewa, don na zalunci mutum kuma abin yana ci na. Washegari na je da kaina na gaya wa tsohon halin da mijin 'yarsa yake ciki. Ashe bai ma san an dakatar da Garba ba, gidan sun ɓoye masa.

Ranar zaman kwamiti, muna tsakiyar karanta tuhuma, sai ga Baba Ɗanjuma a bakin ƙofa. Ya zare takalman ya riƙo su a hannu, ya shigo da ƙafafunsa masu faso. Garba na ganinsa ya miƙe, ya bar silifansa nan, ya fice ya tsuguna bayan bango.

Tsohon ya ajiye takalman a gaban Injiniya ya ce, “Ni nib buɗe ƙohwar. Na ga ba kowa, nic ce in kahwa komata bakinta in tare 'yan kihin da ruwa ka turowa, in ruhe in riski salla. Ɗagawa ta yi, saukewa ta hi ƙarhina. Tsoro yak kama ni, nit tahi. Mijin ɗiyata bai san komi ba. Mi za ku yi mini, ku yi.”

Injiniya ya janye dakatarwar, aka rubuta wa Garba gargaɗi kan ba da aron kayan ofis. Manoman layin suka tsakuro iri daga nasu suka haɗa wa Alhaji Mamman, ya dasa ko da a makare. Na koma gida ina jin na gyara ɓarnata.

Kafin mako ya zagayo, daga Wurno har Goronyo an san surukin Garba ne ya saci ruwa ranar Juma'a, kuma bai je masallaci ba. Tsohon ya daina zuwa kasuwa. Garba ya rubuta yana neman a mai da shi wajen Rabah, can nesa da gida. Ranar da ya zo karɓar takardarsa na miƙa masa hannu, ina jiran godiya. Ya karɓa da ladabi ya ce, “Ka maido min aiki, ranka shi daɗe. Amma da ka bar ni da korata, da ya hi min sauƙi.”

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani ƙarfen ƙofa da takarda ba su da wuya, mutanen ne sai an karanta. In ma'aikaci ya yi shiru a gabanka, kada ka yi saurin cewa ya amsa laifi. Tambayi kanka wa yake rufa wa asiri. In kuma ka gano, ka zauna da shi ku nemi hanyar da ba za ta tona kowa ba, tun kafin takarda ta bar teburinka. Ni sau biyu na cuci Garba, da na zarge shi da kuma da na wanke shi, kuma na biyun ne bai yafe ba. Har ya yi ritaya bai sake taka ofishinmu ba, gaisuwata ma ta bakin mutane yake amsa ta.