Ragowar Kwanon Yarima

Youssouf ɗan sarkin wani kanto ne, wato gunduma, a ƙasar Damagaram, kuma kafin ka tambaye shi zai gaya maka. A Stains, wani gari can ƙasar Turawa inda ya sauka a shekarar 2004, 'yan garinsu Yarima suke ce masa, wasu don girmamawa, wasu don su ga yadda yake gyara zama. Sarautar dai ba ta biyo shi cikin jirgi ba. Gadi ya yi ta yi a wani kanti a Bobigny, yana tsaye bakin ƙofa kamar dogarin ubansa, har ranar da aka rufe kantin aka sallame su.

Ya nemi aiki har ya gaji. Matarsa Fatou tana da ciki, takardar zamansa kuma ba za a sabunta ta ba sai da aiki a hannu. Nan ne wani ya ce masa ya je birnin Lyon wajen Ɗanyaro.

Sunan bai yi masa daɗin ji ba. Kakan Ɗanyaro bawan kakan Youssouf ne, uban Ɗanyaro kuma shi ke riƙe wa sarki buta. Suna yara, Ɗanyaro kan tsuguna a zaure har Youssouf ya ƙoshi ya tura masa kwanon, domin a gidan sarauta ragowar ubangida kyauta ce, wanda aka tura wa har godiya yake yi. Yanzu Ɗanyaro Alhaji ne, yana da gidan abinci a unguwar La Guillotière, ma'aikata na kiransa patron, wato mai gida.

Ɗanyaro ya tarbe shi hannu bibbiyu. Ya tambayi lafiyar tsoho da ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, amma a tsaye, da takalminsa a ƙafa. Youssouf ya lura, ya haɗiye. Rékia, 'yar Ɗanyaro mai karatun tarihi a jami'a, ta kawo masa dambu da zogale. Mai gidan ya ce shi ya riga ya ci, ya zauna yana taya shi hira.

Hirar gida ce ta yaudare shi. Suka tuno tafkin bayan gari, suka tuno jakin liman mai cizo, Youssouf ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, har ya manta inda yake. Da ya ƙoshi sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya tura kwanon gaban Ɗanyaro da bayan yatsu, ko kallonsa bai yi ba.

"Ungo," ya ce.

Ma'aikata biyu suka tsaya a ƙofar madafa.

"Papa, c'est quoi ça?" in ji Rékia, wato Baba, mene ne wannan? Ta dubi kwanon, ta dubi baƙon. "Wannan ai shi muke karantawa, zamanin iyayengiji da bayin gona. Na ɗauka ya mutu tuntuni."

Kunya ta rufe Youssouf, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zo roƙon aiki, ya ɓuge da tuna wa mutum asalinsa a gaban 'yarsa.

Ɗanyaro ya daɗe yana kallon ragowar. Sannan ya sa hannu ya ɗebi loma guda, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Na gode, ranka shi daɗe," ya ce. "Na ci albarkacin tsohonka, shi ya yi wa ubana sutura. Amma wagga ita ce ta ƙarshe." Ya mayar da kwanon gaban Youssouf. "Mai kwashe mana kwanoni ya tafi. In kana so, madafa na can baya. Fara da wannan."

Youssouf ya tashi ya ɗauka. Rékia ta matsa ta ba shi hanya.

Aikin ya riƙe shi. An sabunta takardar, Fatou ta biyo shi Lyon, ta haifi Ramatou. Ɗanyaro bai taɓa tayar da maganar ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Ba mai ce masa Yarima a La Guillotière, shi da kansa ya roƙi a daina.

In an zauna cin abinci a bayan madafa, sai ya suɗe kwanonsa tas da yatsa, ko ƙwayar dambu ba ya bari. Sauran ma'aikata suna yi masa tsiya, wai Malam Youssouf akwai haɗama. Ba ya musu, sai ya tashi ya wanke kwanon da kansa.