Inda Kogi Ya Taɓa Kwana

Kawuna mai fito ne, ƙanin mahaifiyarmu. Shekara arba'in yana tsallakar da mutane kogi a kwalekwale, har aka gina gada ta raba shi da sana'arsa. Bai yi fushi da gadar ba, cewa ya yi ita ma ta ɗanɗana nauyin mutane ta ji. Ya kife jirginsa a bayan ɗaki, duk shekara sai ya shafe shi da kwalta, matarsa tana mitar ya tare mata wurin shanya.

Daga mashigar jirginsa unguwarmu ta faro. Rumfa ɗaya ce da farko ta masu jiran fito, sai mai shayi, sai mai gyaran keke, sai waɗanda suka zo wucewa zama ya yi musu daɗi. Duk a kan tudu suka yi gini, gida na gogar gida, suka bar wa awaki wani shimfiɗaɗɗen fili a gangare. Da gada ta zo, birni ya tsallako. Ma'aikatan da cunkoson gari ya ishe su suka fara cigiyar filaye, ido ya koma kan filin awaki.

Ni na yanka shi. Lokacin ina sabon ma'aikaci a ofishin awon filaye, ina da tebur da fanka da girman kai wanda ya fi teburin faɗi. Aka ba ni hoton wurin da jirgin sama ya ɗauka, a bushe ƙayau. Na ɗora rula na ja layuka takwas. Layi na shida ya fi kowanne kyau, ga iska ga kusa da titi, shi ya sa na zaɓar wa Yaya fili a nan. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku da keken ɗinki, ita ce kuma ta riƙe ni har na gama karatu. So nake ta samu inda za ta ce nata ne.

Kawu bai yarda da ƙasa ba sai ya tambaye ta. Doguwar gorar da yake tura jirgi da ita yake kafawa, ya murɗa, ya zaro, ya duba bakinta ya shinshina. Rannan sai ga shi a ofis, ƙafa duk taɓo. Ya kwance wani tsumma a kan taswirata: baƙar laka, yashi mai laushi, da ƙananan kwanson katantanwa.

"Malam mai takarda, ka san wannan?"

"Ƙasa ce, Kawu."

"Shimfiɗar kogi ce. Daga filin yayarka na tono ta. Ina yaro ta nan muke bi da jirgi. Hanya ya sauya, bai ce ya bar wa kowa ɗakinsa ba."

Abokan aikina suna ta ƙunshe dariya. Ni kuwa ba lakar nake kallo ba, sawun ƙafarsa nake kallo a kan tayil. Na ce masa hoto ba ya ƙarya.

Ya ce, "To, a wane wata jirgin saman ya zo?"

Tambayar ta soke ni, don na san amsarta: tsakiyar rani ne. Minti biyar ya isa in ɗauko tsohuwar taswira daga kabad in duba. Ban ɗauko ba. Mai shara na kira ta goge tayil tun yana tsaye, wannan kuwa har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Ya naɗe tsummansa ya fita.

Daga nan wurin Yaya ya nufa. Ta ba shi ruwa ya sha, ta ce, "Kawu, yaron nan fa ya yi karatu." Ta yi gininta, ɗaki biyu da shagon ɗinki a gaba.

Damina shida lafiya lau. Har tsokanarsa nake yi in mun haɗu: "Kawu, ina baƙon naka?" Sai ya ce, "Yana hanya."

A ta bakwai aka yi kwana uku ana ruwa. Jama'a suka jera buhunan yashi a gaɓar kogi, kogin kuwa ko kallon wurin bai yi ba. Da hantsi ya zagayo ta baya, ya miƙe layi na shida kamar wanda ya dawo gidansu. Kafin azahar ya kai tagogi.

Kawu ya haura saba'in lokacin. Ya sa aka juya masa jirginsa, na shiga da bokiti ina kwashe ruwa. Bai tambayi kowa hanya ba. "Nan akwai zurfi, nan akwai tsohon kututture," haka yake faɗi yana tura gora tsakanin gidaje. Muka sauko da Yaya da yaran daga kan katanga. Keken ɗinki yana can ƙarƙashin ruwa.

Muna fitowa jirgin ya daki wani abu, katako ɗaya ya tsage. Kawu ya zura gora ya taɓa, ya sake taɓawa.

"Wannan kam ban san shi ba. Sabo ne."

Ni na san shi. Dutsen iyaka ne na siminti, da hannuna na kafa shi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kwasar ruwa.

Ba a rasa rai ba, amma gidan Yaya ya zube bayan kwana biyu. Kawu ya ba ta ɗaki a kan tudu. Da rani ya rasu, bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Na jira, har na roƙa a raina, bai ce ba.

Yaya tana nan a ɗakin, tana ɗinkin hannu. Makon jiya na je gaishe ta, na tarar tana ba wata baƙuwa labarin gidanta. Da ta gan ni sai fuskarta ta washe, ta nuna ni da allura.

"Ga shi nan, ƙanina. Shi ya zaɓar mini wurin da kansa. Duk unguwar babu kamarsa."