Takalmanki Suna Ƙofar Gida, Baji Farkhanda

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, ɗanki Jahanzeb ya bugo min waya cewa kin rasu a birnin Peshawar, Baji Farkhanda, yayarmu, bayan gajeriyar jinya. Na daɗe zaune da wayar a hannu, ƙarar tsohon jirgin saman nan mai farfela biyu tana dawo min a kunne.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Idan dusar ƙanƙara ta toshe hanyar dutsen Lowari, shi kaɗai ne ƙofar garinmu Chitral. Tsakanin duwatsu yake ratsawa yana karkarwa, har mutum ya hango makiyayi ta taga. Ke kuwa, ma'aikaciyar jirgin, kina bin kujeru da faranti, kina raba auduga ta toshe kunne da alewa. Wanda tsoro ya kama, ki zaunar da shi da hira har ya manta. Tsoffinmu da yawa sun tauna audugar, ba ki taɓa yi wa ɗayansu dariya ba.

Ni a ranar da na fi jin kunya a rayuwata na san ki. Ina sabon malamin makaranta, na ɗauko mahaifiyata za mu je neman auren Mehrunnisa. Danginta 'yan birni ne, sun riga sun ce ba za su ba ɗan ƙauye ba sai sun ga gidan da ya fito, kuma suna jiranmu a filin jirgin Peshawar. Mun tashi, mun wuce Lowari, sai na ga ƙafar mahaifiyata da safa kawai. Ashe a gindin matakala ta tuɓe takalmanta ta jera.

"Gidan mutane ne, da shimfiɗa a ƙasa," in ji ta. "Haka na tarbiyyantar da kai, ka taka da takalmi?"

Da ta gane takalman sun zauna a Chitral, sai ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Kin ji komai. Kika durƙusa, kika cire naki, kika sa mata da hannunki.

Kika ce, "Mama, ke kaɗai kika san darajar gidan nan. Sauran duk haka suke faɗo min kamar awaki."

Da safa kika ƙarasa raba shayi, da safa kika tsaya bakin ƙofa kina sallamar fasinjoji. Mahaifiyata ta sauka da kai a sama. Mehrunnisa ce ke zaune kusa da ni yanzu, tana kukan rashinki.

Sau da yawa mun kawo miki takalman tare da gyaɗar dutse da busasshen tuffa. Ki karɓi tsarabar, ki ce a ajiye takalman sai kin yi ritaya kin zo gidanmu da ƙafarki. Mahaifiyata ta yi ta goge su har ta rasu. Ke ma ba ki samu zuwa ba.

Jiya na je gaisuwa. Na ajiye su a ƙofar gidanki, cikin takalman masu makoki, na tuɓe nawa na shiga.

Ina miƙa ta'aziyya ga Jahanzeb da 'yan'uwansa, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika rufa wa mahaifiyata asiri a gaban baƙi, Allah Ya rufa miki naki a ranar da kowa zai tsaya ba takalmi. Amin.