Ruwan da Ya Ƙi Kwanciya a Ƙafar Baba

Shekarar da ciwon suga ya matsa wa Baba, na ɗauko shi daga Zariya ya zauna wurina a Jikwoyi. Ƙafafunsa sun bushe, dunduniya duk ta tsage. Likita ya ba mu wani man shafawa mai kauri, ya ja mana kunne cewa in tsagar ta zama gyambo, ana iya yanke ƙafar.

Kwana huɗu ya shafa, ya daina. Ban lura ba sai da na ga jini a silifas ɗinsa.

"Baba, ina man?"

"Zo ka gani," in ji shi. Ya lakato kaɗan ya shafa a ƙafarsa, ya tsiyaya ruwan buta a kai. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangare ƙasa. "Wannan alwala ce?"

Ni kuwa da karatun kimiyyata, ga shi a ɗakin gwaji nake aiki, sai baki ya buɗe. Na ce ƙwayoyin ruwa riƙe suke da junansu, kuma sun fi jan juna a kan yadda mai yake jan su, shi ya sa suke tattarewa su ƙi bazuwa. Har da misalin ganyen gwaza. Ina ta zuba, ina jin daɗin kaina.

Ya saurara har na gama. "To ka ji, kai ma ka faɗa. Ruwan ba ya taɓa fata."

Wallahi kamar in mari kaina. Na zo lallashi, na ƙara masa hujja. Haushi ya sa na ɗaga murya, na ce ya zaɓa, ko ƙafa ko taurin kai. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Tsoro yake ji kada sallarsa ta tafi a banza.

Washegari da safe na kawo sabulu da ruwan ɗumi. Sabulu yana kama mai ta gefe guda, ya kama ruwa ta ɗayan, amma wannan karon na ja bakina na yi shiru. Na durƙusa na wanke ƙafar, na ɗauraye, na sake zuba ruwa. Ruwan ya shimfiɗe a kan fata, Baba yana kallo. Ya yi alwalarsa, ya yi sallar walaha, sannan ya miƙo mini ƙafar da kansa na shafa man.

Na haura arba'in a lokacin, kuma ban taɓa riƙe ƙafar mahaifina ba sai ranar. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Allah ya ba ka mai yi maka."