Hayaƙi a Bakin Kogon Jemagu

Kakata Iya Falmata ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, domin shi ne ɗanta na fari. In tana son ya gyara danga, sai ta gaya wa akuya cewa dangar gidan nan ta tsufa, shi kuwa yana zaune yana ji. Mu yara abin dariya yake ba mu, har shekarar da fari ya hana kowa dariya.

Ƙauyenmu yana kusa da Zermu, a gindin wasu manyan duwatsu masu kogo. Damina ta zo ta wuce ba mu ga hatsi ba, rumbunmu ko zangarniya babu. Abin da ya rage wa Baba shi ne itatuwan mangwaro a garkarsa, waɗanda saiwarsu ta yi zurfi har ta tarar da ruwa. Niyyarsa ya kai ƴaƴansu kasuwar Damagaram ya auno mana gero. Amma jemagun kogon nan su ma yunwa ta kai musu, kullum magariba sai su sauko, da safe a tarar da ƙwallaye a ƙasa. Masu garka suka yanke shawara za su tara kara a bakin kogon su turnuƙe shi da hayaƙi.

Daren da gobe za a yi, Iya ta hura garwashin da aka dafa mana ganyen tafasa. Baba yana ƙofar zaure yana ɗaure kara.

"Ku matso, ƴan nema," in ji ta. "Ga wata ta taso daga cikin ruwa."

"Ta iso lafiya," muka ce.

Iya haifaffiyar bakin tafkin Chadi ce, shi ya sa tatsuniyarta ba ta rasa tsibiri, mu kuwa ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba. Daren nan na lura ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce akwai wani tsibiri mai dorina da kada da tsuntsaye kala-kala, a tsakiyarsa dutse mai kogo. Jemagu suna rataye a rufin kogon, kashinsu yana ciyar da ƙwari a ƙasa, ƙwari suna ciyar da kwaɗi, mesa kuma tana bakin ƙofa tana jiran rabonta. Kusa da kogon akwai itacen kuka mai farin fure. Tsuntsayen rana duk sun nemi aurenta ta ƙi, ta ce ita furenta ba ya buɗewa sai magariba, jemage ne mijinta. Sai wani mutum da jemagu suka dame shi da cin ɓaurensa ya sa wa kogon wuta. Da lokaci ya yi, kukar ta yi kwalliyarta ta jira, ango bai zo ba, furen ya zube babu ɗa ko ɗaya. Shekarar da kifi ya ƙi kamuwa, mutanen tsibirin suka ɗaga kai sama, ba abin da za su kaɗo.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Iya, to shi mai ɓauren me zai ba ƴaƴansa in an cinye masa?"

"Ke dai da tambaya kamar mai karɓar haraji," ta ce. Ta daɗe tana juya garwashi da tsinke, sannan ta ce a hankali, "Nan ne tatsuniyar ba ta faɗa ba. Ku tashi, ta koma ruwanta."

Baba ya ƙarasa ɗaurinsa ya shige ɗaki. Da hantsi muka hango hayaƙi a kan dutse. Mangwaro ya tsira, gero ya shigo gida, Iya ma ta sha kunun tare da mu. Da damina ta kewayo, kukokin bayan gari suka yi fure fari fat, ya zube. Ranin nan da kyar muka samu ƴaƴan kukar da za a dama, alhali da su ne muke toshe yunwar rana.

Daga baya a lakwal, wato makarantar boko, aka koya mana cewa jemage ne ke kai garin fure daga wannan kuka zuwa waccan. Ban yi mamaki ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayata. Na daɗe ina jin haushin Baba, sai da na haifi nawa na ga yadda idon yaro mai yunwa yake, haushin ya koma tausayi. Iya tana da gaskiya, amma geron nan ne ya raya ni.

Da Baba ya tsufa, ya kan tara ƴaƴana ya ba su tatsuniyar tsibirin, ashe ko kalma ɗaya bai rasa ba a daren nan. Sai dai duk sanda ya kai inda mutumin ya ɗauko wuta, sai ya juyo gare ni ya ce, "Ƙarasa musu, ni makogwarona ya bushe."