Birkin da Na Saki a Ruwan Bago

Ko zan manta sunana, ba zan manta ranar da motar da nake tuƙawa ta taka ƙafar wani dattijon ladan a ƙasar Ruwan Bago ba. Yau kaina duk furfura, amma in na tuna sai in ji zuciyata tana tafarfasa kamar jiya aka yi.

Lokacin ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba. Ina direban wani ɗan gidan sarauta a Ƙaraye, wanda ya yi boko har ƙasar waje, ya dawo yana ganin kowa baƙauye ne. Ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura a hannun wani Bature da zai koma gida. Mota ce mai canza giya da kanta, ba kuloci, ba komai. In za ka tsaya sai ka tura sandar giya kan wani harafi, ta kulle. Ni kuwa a manyan motocin gyaɗa na koyi tuƙi, inda maigidanmu na can kan ce direban da ya sauka bai ja birkin hannu ba, jaki ya fi shi hankali. Saboda haka ko a kan shimfiɗaɗɗen fili na tsaya sai na ja birki, in gangare ne har dutse nake sa wa taya.

Rigimar ta samo asali ne ranar da maigida ya karɓi motar da kansa zai je Rogo. Ya manta akwai birki a jaye, ya yi ta taka mai, har hayaƙi da ƙauri suka tashi a gaban 'yan kasuwa, aka yi masa dariya. Da ya dawo, maimakon ya ga laifin kansa, sai ya huce a kaina.

"Wannan ba akwalar gyaɗa ba ce! Baturen da ya sayar min ya ce in an sa ta a harafin nan, ko giwa ba ta motsa ta. Kada in sake ganin hannunka a kan birkin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan gangare fa? Da kaya?"

Ya ce, "Kai ka ƙera ta?"

Na bi umarninsa. Ina da mata da 'ya'ya uku, kuma aikin direban gidan sarauta ba a tsintarsa a hanya.

Bayan kaka muka ɗauki buhunan dawa, mota maƙil, za mu kai wa malamin da ya koya wa maigida Alƙur'ani yana ƙarami, can a Ruwan Bago. Gidan malam a kan tudu yake, hanya ta gangara daga ƙofar zaure zuwa wata tsamiya da ke kusa da rijiya. Na tsaya, hannuna ya ja birki da kansa, ya yi ƙarar nan tasa, ƙiiir. Maigida yana gyara babbar riga ya juyo.

"Me na ce maka?"

"Ranka ya daɗe, dubi gangaren nan."

"Sake shi. Kuma in ka ɗauko min dutse a gaban mutanen malam, ka nemi motar da za ta mai da kai gida."

Wallahi na sake shi. Na ji motar ta ɗan ja baya, ta yi ƙis, duk nauyin dawar nan ya zauna a kan giya. Duk da haka na sauka na nemi inuwa.

A garin ba a sauke kayan da aka kawo wa malam sai ya fito ya ɗora hannu ya sa albarka, malam kuwa yana ciki da maigida ana ta gaisuwa. Can sai ga mutanen gari da wani bijimi, tukuicin da za a ba maigida. Al'adarsu a ɗaure kyauta inda baƙo zai gan ta da zarar ya fito, sai suka ɗaure shi a ƙarfen bayan mota. Na miƙe zan yi magana, wani dattijo ya ce, "Haba direba, ka zauna ka sha furarka, ai ba cinye ta zai yi ba." Na koma na zauna. Kai, ni ma dai!

Azahar ta kawo jiki, ladan ya sauka gindin tsamiya da butarsa yana alwala, ya ba mu baya. Wasu karnuka biyu suka ɓarke da faɗa a ƙarƙashin bijimin. Ya zabura, ya fizgi igiya da dukan ƙarfinsa, ya sake fizga. Sai na ji ƙas! daga cikin motar. Igiya ta tsinke, sa ya yi daji, mota ta fara tafiya da baya ba kowa a ciki.

Na watsar da ƙwaryar fura na bi ta a guje, ina ihu, "Baba ladan! Baba ladan!" Na kama murfin ƙofa, ta ja ni ta yar. Tsohon bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Yana wanke ƙafar dama ke nan tayar baya ta hau kanta, motar ta je ta daki tsamiya ta tsaya, buhuna suka zube. Bai yi kuka ba, salati kawai yake yi.

Aka fito da gudu, malam da maigida da kowa. Kafin a ɗaga tsohon, maigida ya nuna ni da yatsa a gaban jama'a, ya ce, "Allah gafarta malam, sakacin direba ne. Ya tsayar da mota a gangare bai ja birki ba."

Jama'a, kun ji fa! Mutumin da ya hana ni da bakinsa! Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah. Wa ya ce in saki?" Ya ce ina yi masa rashin kunya a gaban malaminsa, ya karɓe makulli a nan take. A ƙafa na kama hanya, sai wata motar itace ce ta rage min. Daga baya na ji labari, da aka jawo motar Kano, makanike ya ciro abin da ya karye a cikin giyar. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsana ba, shi ne wai ko giwa ba ta motsawa.

Na yi wata biyu ina yawo da haushin maigida, duk wanda na gani sai na ba shi labarin zaluncin da aka yi min. Sannan na shirya na koma duba ladan. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar ta ɗoru a karkace, tsohon ba ya iya hawa matakalar kiran salla, an ba wani ladancin. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari duka na faɗa masa, ina jira ya ce ba laifina ba ne.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, shi maigidan naka ya san motar za ta iya gangarowa?"

Na ce, "Bai sani ba, baba. Jahilci ne da girman kai."

"Kai fa?"

Na ce, "Na sani."

Ya jinjina kai, ya ce, "To, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ban iya shan ruwan da aka kawo min ba. Har gobe ina jin haushin maigidan nan nawa, kuma ban ce na yafe masa ƙaryar da ya yi min ba. Amma daga ranar na gane cewa in babba ya umarce ka da abin da ka san zai cuci wani, ka ƙi tun da wuri, in ya so ya kore ka. Ni na saki birki don kada in rasa aiki, aikin bai kai la'asar ba, ladan kuwa da sanda ya ƙarasa rayuwarsa.